Gasar Kofin Georgian

Kofin Georgian, wanda masu wasa da 'yan kallo ke furtawa Jojiyan, shi ne babban kofin da ake fafatawa a kansa a gasar ƙwallon dawaki ta shekara-shekara da ake yi a garin Kaduna. An fara buga shi a shekarar 1919, kuma yana cikin kofunan wasanni mafi daɗewa a Najeriya. Kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna ne ke karɓar baƙuncin gasar a filinsa da ke Dandalin Murtala, ƙarƙashin dokokin Ƙungiyar Ƙwallon Dawaki ta Najeriya. Ƙungiyoyi daga Katsina, Kano, Sakkwato, Zariya, Jos, Legas da sauran garuruwa suna kawo dawakinsu a kowace shekara, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da ƙarfin shiga neman wannan kofi, domin an keɓe shi ga 'yan wasa mafiya ƙwarewa. Sauran sukan fafata a kan ƙananan kofunan da ake bugawa a mako guda da shi.

A cikin shekaru ɗari da 'yan kai, kofin ya ratsa hannu uku. Ya fara ne a hannun hafsoshin sojan Turawan mulkin mallaka, ya koma hannun gidajen sarauta, musamman gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, daga baya ya dawo hannun attajirai masu kafa ƙungiya da kuɗinsu. A wannan gasa ce kuma gwamnan farar hula na farko na Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Kangiwa, ya gamu da ajalinsa a shekarar 1981.

Asalin wasan da zuwansa Najeriya

Ƙwallon dawaki, ko folo, tsohon wasa ne na mahaya. Masana tarihi suna danganta asalinsa da ƙasar Farisa da makwabtanta na tsakiyar Asiya, inda sarakuna da mayaƙan doki suka riƙe shi a matsayin atisaye tun kafin zuwan Musulunci. Daga can ya yaɗu zuwa Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa. Kalmar folo kanta ta samo asali ne daga harshen Balti na yankin tsaunukan arewacin Pakistan na yanzu, inda take nufin ƙwallo.

Irin wanda ake bugawa yau ya fito ne daga Indiya. Sojojin Ingila da Turawa masu gonakin shayi sun tarar da mutanen Manipur suna buga shi, suka koya, suka kafa kulob a Silchar a 1859, sannan wani a Kalkata a 1862. Da wasan ya isa Ingila, kulob ɗin Hurlingham na Landan ya rubuta masa dokoki a 1875, kuma a kan waɗannan dokoki ne akasarin ƙasashen da Ingila ta mallaka suka ɗora nasu. Wasan ya shiga gasar Olamfik sau biyar, a 1900, 1908, 1920, 1924 da 1936. A yau ƙasar Ajantina ce ke kan gaba a duniya, babbar gasarta kuwa tun 1893 ake yin ta.

A Najeriya, Legas ce ta fara samun kulob, a 1904. To amma kudu ba ƙasar doki ba ce. Ƙudan tsando da danshi suna kashe dawaki a can, dole a riƙa kawo sababbi daga arewa. A ƙasar Hausa da Borno kuwa doki ya daɗe da zama abin yaƙi da na sarauta, akwai masu kiwo, akwai maɗinka sirdi, akwai maƙera linzami da likkafa, kowace fada tana da shamakinta da bargarta. Saboda haka da hafsoshin rundunar sojan Afirka ta Yamma suka zauna a barikokin arewa, ba su sha wahalar samun dawaki da masu kula da su ba. Abin da suka kawo sabo shi ne sanda da ƙwallo da dokoki.

Kaduna da kafuwar gasar

Gwamna Lugga ne ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwatar arewa, aka taso daga Zungeru zuwa can a 1917. Sabon gari ne da aka shata domin ofisoshin gwamnati da barikin soja da layin dogo, kuma tun cikin shatar farko aka ware filin sukuwa a unguwar Turawa. An kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki a 1918, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara guda bayan haka aka sa Kofin Georgian a gasa.

Kofin na azurfa ne, kuma ya girmi gasar nesa ba kusa ba. Sunansa yana nuni ne ga zamanin sarakunan Ingila huɗu masu suna Joji waɗanda suka yi mulki a jere daga 1714 zuwa 1830, ana kuma danganta ƙirarsa da ƙarshen ƙarni na 18, lokacin Joji na Uku. Ƙungiyar da ta ci ba ta mallake shi, sunanta ne ke shiga jerin waɗanda suka ɗauka, a shekara mai zuwa a sake fito da shi.

A shekarun farko wasan na Turawa ne zalla: hafsoshin soja, da joji-joji da razdanoni, da manyan ma'aikatan kamfanonin ciniki. 'Yan ƙasa suna wurin, amma a matsayin masu wanke doki da ɗaura sirdi da riƙe linzami a bakin fili. Wannan tsari bai daɗe ba, kuma daga Katsina aka karya shi.

Gidan Dikko

Muhammadu Dikko ya hau gadon sarautar Katsina a 1906, ya yi mulki har rasuwarsa a 1944. Mutum ne mai son doki ƙwarai, mai kuma son gwada sabon abu. A 1921 ya yi tafiyar da ta kai shi aikin hajji da kuma Ingila, abin da babu wani sarkin arewa mai ci da ya yi kafinsa. Shi ne ya shigo da ƙwallon dawaki fadar Katsina, ya sa aka gyara fili, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koya. Abin lura a nan shi ne bai tsaya ga kallo da ba da kofi ba kamar yadda ake sa ran sarki ya yi. Ƙungiya ya gina, da dawakinta da masu horar da su, wadda za ta iya tsayawa gaban hafsoshin Ingila a fili ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya. A zamanin da Bature ke gefe guda talaka ke gefe guda a kusan kowane sha'ani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fi fice a cikin 'ya'yansa shi ne Usman Nagogo, wanda ya gaje shi a 1944. Nagogo ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwaninta, matsayin da har yau ake ambatonsa a matsayin mafi girma da ɗan Najeriya ya taɓa kaiwa. Ƙungiyar Katsina ta zamaninsa ta sha ɗaukar Kofin Georgian, kuma shi ne ya zama shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Dawaki ta Najeriya na tsawon rai. Wannan muƙami ya zauna a gidan: bayan rasuwarsa a 1981 ya koma ga ɗansa Sarki Muhammadu Kabir Usman, shi ma ɗan wasa, daga 2008 kuma ga Sarki Abdulmumini Kabir Usman.

Wani ɗan Nagogo, Janar Hassan Usman Katsina, shi ya haɗa ɓangarori biyu na tarihin wasan, wato fada da bariki. Ya yi horon soja a Sandhurst ta Ingila, ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa daga Janairun 1966 zuwa 1967 yana zaune a Kaduna, daga baya ya zama shugaban rundunar sojan ƙasa. Ya buga wasan tsawon rayuwarsa, ya kuma jagoranci ƙungiyar ta ƙasa. A lokacin da Turawa ke tattara kayansu bayan samun mulkin kai a 1960, kulob-kulob da yawa na wasanninsu sun mutu saboda babu mai gado. Ƙwallon dawaki bai mutu ba, domin kafin su tafi ya riga ya samu masu shi a fadoji da kuma cikin sababbin hafsoshin soja 'yan ƙasa. Har yau kofi na biyu a daraja a gasar Kaduna sunansa Kofin Sarkin Katsina.

Sakkwato da hatsarin 1981

Sakkwato tana cikin garuruwan da ke da kulob na ƙwallon dawaki, kuma yankin nata, har zuwa Argungu da Arewa, tsohuwar ƙasar kiwon doki ce. Sunan da ya fi haɗa ta da Kofin Georgian shi ne na Shehu Kangiwa.

An zaɓi Kangiwa gwamnan Jihar Sakkwato a ƙarƙashin jam'iyyar NPN, ya kama aiki ranar 1 ga Oktoba 1979, ranar da Alhaji Shehu Shagari, shi ma ɗan jihar, ya zama shugaban ƙasa. A wancan lokaci jihar ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yanzu, waɗanda aka cire a 1991 da 1996. Kangiwa ɗan wasa ne na gaske, yana kan mataki na 3 a ma'aunin gwaninta, wanda a Najeriya mataki ne na ƙwararru, kuma hawa kujerar gwamna bai sa ya ajiye sanda ba. A watan Nuwamba 1981, yana cikin wasa a gasar Georgian ta wannan shekara a Kaduna, ya faɗo daga kan doki, faɗuwar da ta zama sanadin rasuwarsa. Mataimakinsa, Dokta Garba Nadama, ya karɓi mulkin jihar, ya ci zaɓen 1983, ya zauna har juyin mulkin ranar 31 ga Disamba na wannan shekara.

Shekarar 1981 ta yi wa masu wasan nauyi, domin a cikinta suka rasa Nagogo a watan Maris, suka rasa Kangiwa a Nuwamba. A 1982 aka sa kofi da sunan Shehu Kangiwa domin tunawa da shi. A cikin birnin Sakkwato kuma babban filin da ake taruka da hawan dawaki yana ɗauke da sunansa, wato Dandalin Shehu Kangiwa.

Rasuwar gwamna mai ci a filin wasa abu ne da ba a saba ji ba, amma hatsarin da ya jawo ta ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƙwallon dawaki. Dawaki takwas ne ke sukuwa a fili ɗaya, suna tsayawa da juyawa ba zato, mahayi yana riƙe da linzami da hannu ɗaya, ya karkato rabin jikinsa waje da sirdi domin ya kai ga ƙwallo. In doki ya yi tuntuɓe a wannan hali, ko biyu suka yi karo, mahayi ba shi da abin da zai kare shi sai hular kwano. Kusan duk dokokin wasan an yi su ne domin rage irin wannan.

Yadda ake buga wasan

Kowace ƙungiya mutum huɗu ce. Cikakken fili tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa yadi 160 idan an kewaye gefensa da katako, wato wajen mita 274 da mita 146. Filin ƙwallon ƙafa da yawa za su shige cikinsa. A kowane ƙarshe akwai turaku biyu da tazarar yadi 8 a tsakaninsu. Babu raga, babu sandar sama, babu mai tsaron gida: ƙwallo in ta wuce tsakanin turakun, komai tsawon tashinta, an ci. Ana yin turakun da abu marar nauyi wanda zai faɗi in doki ya buge shi.

Ana raba wasa zango-zango, 'yan wasa suna kiran kowane zango cuka. Cuka ɗaya minti bakwai ce, in an kaɗa ƙararrawa a ƙara har daƙiƙa talatin kafin a tsaya, sai dai in ƙwallo ta fita ko an yi laifi kafin nan. Tsakanin cuka da cuka akwai hutun minti uku domin canza doki, a tsakiyar wasa kuma minti biyar. Wasa yakan kasance cuka huɗu zuwa shida, gwargwadon girman kofin. Duk lokacin da aka ci, sai ƙungiyoyin su yi musayar gida, domin kada rana ko iska ko gangaren fili su taimaki ɓangare ɗaya. Wannan yakan rikita sabon ɗan kallo, ya ga waɗanda ɗazu ke kora gabas yanzu sun nufi yamma.

Lambar da ke bayan rigar ɗan wasa tana nuna aikinsa. Na ɗaya shi ne ɗan gaba mai neman ci. Na biyu yana kai hari yana kuma takura wa na ukun abokan hamayya, shi ya fi kowa wahala da gudu. Na uku shi ne ƙashin bayan ƙungiya, mai dogon bugu da rarraba ƙwallo, galibi shi ne mafi gwaninta. Na huɗu yana tsaron baya.

Sandar wasa doguwa ce mai lanƙwasa, ta gora, da guntun katako a gicciye a ƙarshenta. Da gefen katakon ake bugun ƙwallo, ba da bakinsa ba. Doka ta ce da hannun dama kaɗai ake riƙe ta, ko da mutum bahago ne, domin idan mahaya biyu suka fuskanci juna kowa ya bi ta damarsa, za su wuce ba tare da kawunan dawakinsu sun haɗu ba.

Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo. Da zarar an buga ƙwallo, hanyar da ta bi da wadda za ta ci gaba da bi sun zama kamar titi. Wanda ke bin wannan layi a kusurwa mafi ƙanƙanta, ƙwallon tana damarsa, shi ke da hanya, kuma ba a yarda wani ya gitta gabansa a tazarar da za ta iya jawo karo ba. Mai son ƙwace ƙwallo yana da hanya biyu. Ko dai ya jera dokinsa da na abokin hamayya, kafaɗa da kafaɗa, ya ture shi daga kan layin, ko kuma ya sa sandarsa ya harɗe ta wancan lokacin da ya ɗaga zai buga. Turewa da gwiwar hannu, ko shigowa a karkace da gudu, ko miƙa sanda ta ƙarƙashin cikin dokin wani, duk laifi ne. Alƙalai biyu ne a kan dawaki cikin fili, na uku yana zaune a gefe, shi ke raba gardama in biyun suka saɓa. Hukuncin laifi bugu ne daga yadi 30, 40 ko 60 daga turaku, ko daga inda aka yi laifin, ko daga tsakiyar fili. In laifin mai hatsari ne kuma an yi shi da gangan a bakin gida domin hana ci, sai a ba da cin kai tsaye.

Ma'aunin gwaninta da rabon kofuna

Abin da ya bambanta tsarin gasar ƙwallon dawaki da na sauran wasanni shi ne ma'aunin gwaninta, wanda 'yan wasa ke kira handikaf. Kwamitin ƙungiyar ƙasa yana ba kowane ɗan wasa lamba, daga 2 ƙasa da sifili ga sabon shiga har zuwa 10. Lambar ba adadin ƙwallayen da mutum ke ci ba ce. Kimanta amfaninsa ne ga ƙungiya: iya hawa, iya bugu, sanin wasa, da ingancin dawakinsa. Ana sake duba ta lokaci-lokaci, a ɗaga wani a sauke wani. 'Yan mataki na 10 ba su da yawa a duniya, kuma kusan dukkansu 'yan Ajantina ne. Akasarin masu buga wasan a ko'ina ba sa wuce mataki na 2. Da wannan za a gane girman 7 ɗin Nagogo.

Idan aka haɗa lambobin mutum huɗu, an sami matakin ƙungiya. Kowane kofi yana da iyakar matakin da aka yarda a shiga da shi, na ƙasa da na sama. A wasannin da ake bugawa bisa ma'auni, ƙungiyar da ta fi rauni tana fara wasa da ƙwallaye a hannu. Lissafin shi ne a ɗauki bambancin matakan biyu, a ninka da yawan cukar da za a buga, a raba da shida. Misali, ƙungiya mai mataki 16 ta haɗu da mai 13: in cuka shida ce, ta biyun za ta fara da ƙwallo uku, in huɗu ce, da biyu. In lissafin ya bar ɓurɓushi, ana ƙirga shi rabin ƙwallo, shi ya sa akan ga sakamako irin 5 da 4½ a allo.

A gasar Kaduna, Kofin Georgian ne ke saman wannan tsani. Ƙarƙashinsa akwai Kofin Sarkin Katsina, sannan kofunan matsakaita da na ƙananan matakai irin su Kofin Imani da Kofin El-Amin, tare da kofunan tunawa da na masu ɗaukar nauyi waɗanda akan buga a wasa ɗaya. Ƙananan kofunan su suka fi tara ƙungiyoyi, saboda haka akan raba su rukuni-rukuni ko a yi ta sallamar wanda aka ci har a kai wasan ƙarshe. Masu neman Georgian kuwa ba su cika yawa ba, wani lokaci ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, don haka akan sa kowace ta kara da kowace. Dalilin ƙarancin a fili yake: haɗa mutum huɗu da jimillarsu za ta kai matakin da ake bukata yana da wuya da 'yan gida kaɗai, sai an ɗauko ƙwararru daga waje.

Dawaki da masu kula da su

'Yan wasa da kansu sukan ce mafi yawan nasara ta doki ce. Cuka ɗaya tana gajiyar da doki matuƙa, shi ya sa ake canzawa bayan kowace, a manyan wasanni ma har a tsakiyarta. Mai buga cuka shida yana bukatar dawaki da dama shi kaɗai, ƙungiya guda kuwa takan zo Kaduna da dawaki ashirin ko fiye, a cikin manyan motoci, da abincinsu da masu kula da su.

A da, da dawakin gida ake wasan, irin na ƙasar Hausa da Borno da waɗanda fatake ke kawowa daga Chadi da Sudan. Suna da jimirin zafi da saurin juyawa, ba su da tsada sosai, kuma har yanzu su ne a ƙananan kofuna. A manyan kofuna dawakin Ajantina sun mamaye fili, domin sun fi girma da gudu, kuma tun suna ƙanana ake horar da su domin wannan wasa. Sai dai riƙonsu a nan aiki ne. Ba su saba da zafi da cututtukan dawaki na Afirka ba, suna bukatar rigakafi da likitan dabbobi da barga mai iska, ba harawa da dusa da kanwa kawai ba.

Kafin a shiga fili ana aske gezar doki domin kada ta sarƙe linzami, a naɗe wutsiyarsa domin kada ta kama sanda, a ɗaure ƙafafunsa huɗu da bandeji saboda bugun ƙwallo. Duk wannan aikin yaran barga ne, waɗanda ke tashi tun asuba su yi kilisa da dawaki, su wanke su, su ciyar da su. Sunansu ba ya hawa kan kofi, amma daga cikinsu ne ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da yawa suka fito. Yaron da ya tashi a barga yana hawa kullum, yana motsa dawakin maigidansa da sanda a hannu, sau da yawa yakan fi maigidan iya wasa, har a wayi gari ana biyansa domin ya buga wa ƙungiya.

Zamanin masu ƙungiya

Daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, nauyin wasan ya fara komawa kan 'yan kasuwa da manyan hafsoshi masu ritaya. Tsarin da ya kafu shi ne na uban ƙungiya: mutum ɗaya ya sayi dawaki, ya ɗauki ƙwararru, ya biya kuɗin tafiya, shi ma ya hau ya buga a matsayin ɗaya daga cikin huɗun. Ma'aunin gwaninta shi ya ba da damar haka, domin mai ƙaramin mataki zai iya zama cikin babbar ƙungiya muddin sauran ukun sun cike lissafi. Gidan Ɗantata na Kano yana cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage. A shekarun baya-bayan nan ƙungiyar El-Amin ta Kaduna, wadda Mohammed Babangida ke jagoranta, ta ɗauki Kofin Georgian fiye da sau goma, abin da ya sa sunanta ya zama kusan ɗaya da na kofin a wurin matasan 'yan kallo. Babbar abokiyar hamayyarta ta fito ne daga Fifth Chukker, filin da Adamu Atta ya kafa a bayan garin Kaduna ta hanyar Jos, inda ake buga wata gasar daban ta tara kuɗin taimako tare da bankin Access da hukumar UNICEF.

Wannan tsari ya ɗaga darajar wasan da ake gani a Kaduna, domin ƙwararru daga Ajantina da Ingila da Afirka ta Kudu suna zuwa. Ya kuma rage yawan masu iya neman kofin. Ƙungiyar gari irin ta Katsina ta zamanin Nagogo, wadda 'yan gida ɗaya ke hawa dawakin gida su ci kowa, da wuya ta sake yiwuwa a wannan mataki. Duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kuɗin doki da na ɗan wasan waje sukan tashi, a ga ƙungiyoyin Georgian sun ragu a wannan shekara.

Fili da lokacin gasa

Filin kulob ɗin, wanda ke ɗauke da sunan Ahmadu Yakubu, yana cikin Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwar Kaduna. A wannan dandali aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu hawan daba a 1956, a nan kuma aka yi babban hawan bikin FESTAC a 1977. Ana yin gasar bayan ɗaukewar damina, galibi tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da ƙasa ta bushe ba ta santsi amma ciyawa ba ta gama mutuwa ba. Takan ɗauki mako guda ko fiye, ƙananan kofuna da safe da rana, manya da la'asar in rana ta yi sanyi.

Kaduna zango ɗaya ce a cikin jerin gasannin da ƙungiyar ƙasa ke tsarawa a shekara. Legas tana da Kofin Majekodunmi, Katsina tana da Kofin Najeriya, Kano tana da Kofin Sarkin Kano, akwai kuma gasanni a Zariya, Jos, Ibadan, Fatakwal, Abuja, Keffi da sauransu, dawaki da yaran barga suna bin su gari-gari. A 2019 kulob ɗin Kaduna ya yi bikin cikar Kofin Georgian shekara ɗari.